Petr Cech ne ya fara haɗa tamaula da hokin ƙanƙara, ko akwai wanda ya riga shi?

Ɗan Blues: Salam jama'a. Jiya da daddare bacci ya ƙi zuwa ina ta danne-dannen waya sai ga bidiyon Petr Cech, tsohon golanmu na Chelsea, cikin wasu irin kaya jibga-jibga, ga kwalkwali ga ƙatuwar safar hannu ga sanda, yana tsaron raga a kan ƙanƙara. Wlh na ɗauka haɗi ne irin na yaran yanzu ashe da gaske ne, tun 2019 da ya ajiye tamaula ya koma wasan hoki na ƙanƙara a wani kulob Guildford Phoenix, kuma wasansa na farko ma ya tare fenareti biyu aka ba shi gwarzon wasa. To ni tambayata, a tarihin duniya akwai wanda ya taɓa yin irin wannan? Ni dai na ce babu. Gola mai wasa 202 a Firimiya ba a zura mai ƙwallo ba, ya ɗau Champions a 2012, sannan ya koma wani wasan daban ya sake haskawa. Ku kawo min na biyunsa in kun isa

Gunner na Sabon Gari: Ka manta ba ka faɗa musu daga wane kulob ya yi ritaya ba 😂

Ɗan Blues: Daga naku Arsenal, bayan mun ɗura mai 4 a Baku a wasan ƙarshe na Europa. Kar ka tsokano ni da sassafe

Gunner na Sabon Gari: Allah ya isa. Amma tsakani da Allah Guildford ɗin nan fa rukuni na huɗu suke a Ingila, kuma Ingila ba wata tsiya take yi a hokin ƙanƙara ba. Kamar ka ce ɗan wasa ya bar Madrid ya zo yana buga gasar unguwa ne ka ce ya yi fice a wasa biyu. Sha'awa ce kawai ta mai kuɗin da ya gaji da zaman gida

Maman Hanifa: Ku tsaya tukuna, mu da ba mu san wasan ba a yi mana bayani. Shi ne wanda suke zamiya da takalmi mai wuƙa a ƙasa suna dambe?

Bahaushen Toronto: Hhhh Hajiya shi ne, amma damben ba ya cikin asalin wasan, ƙari ne. Mutum shida-shida ne har da gola. Ba ƙwallo suke bugawa ba, wani ɗan faifan baƙar roba ne mai tauri, girmansa kamar gwangwanin man goge takalmi, nauyinsa wajen giram 170, in ya same ka a baki sai dai ka tsinci haƙora. Minti 20 sau uku ake yi, kuma canji ba iyaka, ɗan wasa ba ya wuce minti ɗaya a ciki ya fito wani ya faɗa saboda gudun ba na wasa ba ne. In ka yi laifi a kai ka wani ɗan keji ka zauna minti biyu 'yan'uwanka su yi ta fama da mutum biyar. Raga ƙarama ce, faɗinta bai kai mita biyu ba, kuma ana iya zagayawa ta bayanta a ci gaba da wasa. A nan Kanada yaro tun yana shekara uku huɗu ake ɗaura mai takalmin

Maman Hanifa: Tabɗi. To Allah ya ba su lafiya

Baba Injiniya: Assalamu alaikum 'ya'yana. Na daɗe ban sa baki a nan ba amma yau dole na yi magana, don Ɗan Blues ya taɓo inda na sani. Yarona, Cech gola ne na gaske, ba mai musun wannan, amma a maganar haɗa wasannin nan biyu ko almajirin wani mutum bai kai ba. Sunansa Vsevolod Bobrov. Ni na yi karatu a Tarayyar Sobiyet a shekarun 1980, lokacin da ake tura mu koyon aikin ƙarafa saboda Ajaokuta, na je bai daɗe da rasuwa ba don a 1979 ya rasu, amma duk dattijon da ka zauna da shi kuna kallon wasa a talabijin ɗin ɗakin kwanan ɗalibai, ko tamaula ake ko hoki, in ɗan gaba ya ɓarar da ƙwallo sai ka ji ya ambaci Bobrov yana girgiza kai. Mutumin nan ya yi kyaftin ɗin ƙasarsa a tamaula a gasar Olamfik ta 1952, ya kuma yi kyaftin ɗinta a hoki ya ɗauko zinare a Olamfik ta 1956. Ba rukuni na huɗu ba, ƙololuwa a duka biyun.

Ɗan Blues: Baba barka da shigowa, Allah ya ƙara lafiya. Amma gaskiya ban taɓa jin sunan ba

Baba Injiniya: Kai ba ka ji ba, amma kulob ɗinka ya ji a jikinsa. Watan Nuwamba 1945, Yaƙin Duniya na Biyu bai fi 'yan watanni da ƙarewa ba, Dynamo Mosko ta kai ziyara Birtaniya. Bobrov ma ba ɗan Dynamo ba ne, ɗan kulob ɗin sojoji ne, CDKA, wanda yanzu ake ce wa CSKA Mosko, aro shi aka yi don a shekarar shi ya fi kowa cin ƙwallo a gasar ƙasar, 24. Wasan farko da Chelsea a Stamford Bridge, mutane suka yi cikar kwari har kan rufin filin da bakin layi. 'Yan Dynamo suka fito kowa riƙe da furanni suka miƙa wa 'yan Chelsea, su kuma suka tsaya sororo ba su san yadda za su yi da su ba. Chelsea ta fara cin biyu, aka farke, Tommy Lawton ya ƙara ta uku, ana dab da tashi Bobrov ya farke, 3-3.

Gunner na Sabon Gari: Allahu akbar 😂😂 ashe tun 1945 ake zubar da maki a Bridge

Baba Injiniya: Kar ka yi saurin dariya. Ku 4-3 suka yi muku, kuma biyu daga ciki nasa ne.

Ɗan Blues: Baba Allah ya saka da alheri 🤣🤣 Gunner ina kake

Malam Lissafi: Baba a gafarce ni, amma a yi adalci. Ƙwallon da Bobrov ya ci Chelsea kusan duk wanda ya ba da labarin wasan ya ce satar gida ce, an bari ne saboda baƙi. Na Arsenal kuma ai ba wasa ba ne, hazo ne ya rufe filin ruf, 'yan kallo ba sa ganin 'yan wasa, kuma alƙalin wasan ɗan Rasha ne. Har labari ake bayarwa cewa an kori wani ɗan Arsenal ya sulale ya dawo cikin hazon ba wanda ya lura. Kuma ba a Highbury aka yi ba, a filin Tottenham aka yi don Highbury na hannun hukuma tun lokacin yaƙi

Gunner na Sabon Gari: Yauwa Malam! A gidan maƙiya, ga hazo, ga rafalinsu. Wannan ai ba a lissafa shi

Baba Injiniya: Duk gaskiya ne Malam. Sai dai ka manta Arsenal ma aron 'yan wasa ta yi, har da Stanley Matthews da Stan Mortensen. Rafalin kuma, Latyshev, shi ya busa wasan ƙarshe na kofin duniya a 1962, ba wani ɗan kama-wuri-zauna ba ne. Wasa huɗu suka yi, Cardiff ta sha 10-1, Rangers 2-2, ba wanda ya doke su. Ƙwallo 19 suka ci, 6 na Bobrov ne, yana ɗan shekara 22.

Malam Lissafi: Na yarda. Amma ga inda nake so a duba. Zamanin nan da na yanzu ba ɗaya ba ne. A Rasha sanyi ba ya bari a buga tamaula da hunturu, gasar daga bazara ce zuwa kaka, in ƙanƙara ta sauka an rufe. To ɗan wasa me zai yi wata biyar? Dole ya nemi wani abu. Shi ya sa kusan duk 'yan ƙwallonsu na lokacin suna yin na ƙanƙara. Ko Lev Yashin, golan nan da har yau shi kaɗai ne gola da ya ci Ballon d'Or a 1963, ya tsare ragar Dynamo a hoki har suka ɗau kofin ƙasar a 1953. Kenan yanayi ne ya ba su dama ba wai wata baiwa ce ta daban ba. Ɗan wasan yanzu mai buga wasa sittin a shekara yaushe ya ga lokaci

Ɗan Maraɗi: Malam Lissahi maganakka da ƙamshin gaskiya amma ba duka ba. Mu nan manomi da rani shina kokowa ko dambe, da damina shina gona, kowa haka shi kai, amma kowa ne ka ɗaukar takobi? Dama daban, iyawa daban. In dubu sunka yi wasa biyun, mi as sa shi ɗai ad da kyaftin nan da can

Baba Injiniya: Ɗan Maraɗi ya gama magana. Amma bari in ƙara wa Malam hujja a kan tasa, don akwai abin da ya bari. Kafin hokin Kanada ya shiga Rasha suna da nasu na gargajiya, bandi, wanda ake yi da 'yar ƙwallo ƙarama maimakon faifan. Mutum goma sha ɗaya-sha ɗaya, fili kamar na tamaula, minti 45 sau biyu, har da kwana da satar gida. Wato tamaula ce a kan ƙanƙara da sanda. Bobrov da shi ya tashi a Sestroretsk kusa da Leningrad, garin ma'aikatan masana'anta, shi kansa aikin ƙarfe ya koya, da yaƙi ya zo aka kwashe su da masana'antar zuwa Omsk a Saberiya. Sai a ƙarshen 1946 aka fara gasar hokin faifai a ƙasar. Kun ga ke nan wasan da ya zama gwarzon duniya a kansa, sai da ya kai wajen shekara 24 ya fara shi. Bandin ne gadar da ta haɗa mai biyun, yanka da gudu da sanin inda ɗan'uwa zai ɓullo duk daga can ya taho da su.

Autan Group: Baba kai ka taɓa hawa takalmin? 👀

Baba Injiniya: Auta kana neman tona min asiri. Sau ɗaya. A tsakar gidan kwananmu in sanyi ya kankama sai su jawo tiyo su malala ruwa, kafin safe ya daskare ya zama fili. Abokin ɗakina ya ara min takalminsa ya ɗaure min tamau, na miƙe tsaye ina ji da kaina, taku ɗaya ƙafar dama ta yi gabas ta hagu ta yi yamma, sai ga ni a zaune daɓas hular kunnuwana ta yi nata waje. Wasu yara 'yan firamare suka zo suna zagaya ni da baya da baya suna ƙyalƙyala dariya, wata tsohuwa ce ta ɗaga ni tana ta faɗa da yarensu. Sati guda a gefe ɗaya nake zama a aji. Tun ranar in na ga mutum na gudu a kan abin nan yana yanke mutum uku nake sara masa.

Maman Hanifa: Hhhhh wayyo Baba sannu 😂 ai gara da ka tsaya a aikin ƙarfen

Bahaushen Toronto: Baba ni ma haka ta faru da ni ba kai kaɗai ba. Amma fa in aka zo maganar 1954 da suka ci Kanada 7-2 a Stockholm, mutanen nan har yau ba su yarda an ci su ba. Ba ƙwararrunsu na NHL, babbar gasar hokin Kanada da Amurka, suka tura ba, wani ƙaramin kulob ne na 'yan sha'awa daga nan gefen Toronto, East York Lyndhursts, don a lokacin sun raina gasar duniya gani suke ko wa suka tura zai ɗauko. Haka 1956 ma kulob suka tura

Malam Lissafi: Ka ji ko. Su kuma Sobiyet sunan 'yan sha'awa ne kawai, an rubuta su sojoji ana biyansu albashi, aikinsu atisaye safe da yamma. Ƙwallo 254 a wasa 130 da Bobrov ya ci a gasar hokin ƙasarsu, kusan biyu duk wasa, ai wannan kaɗai ya nuna maka gasar sabuwa ce gololin ba su gama koyo ba

Baba Injiniya: To ai shi ma sabon ne a wasan Malam, tare suka fara. Kuma 1954 shi ne zuwansu na farko gasar duniya, shekara takwas kacal da fara wasan, suka ɗauke kofi aka zaɓe shi ɗan gaba mafi iyawa. A 1956 a Cortina ta Italiya suka ci Amurka 4-0 suka ci Kanada 2-0, yana da shekara 33 da gwiwoyin da likitoci suka sha yankawa. Maganar ƙwararru kuma, na Toronto kai ka fi kowa sanin abin da ya faru a 1972.

Bahaushen Toronto: Kai Baba 😅 eh wannan kam. Wasa takwas aka shirya tsakanin taurarin NHL da Sobiyet, 'yan jaridar Kanada suna ta cika baki za a share su tas, wasan farko a Montreal Kanada ta ci biyu cikin 'yan mintuna sannan aka zazzaga musu 7-3. Da ƙyar suka ƙwaci kansu, sai a wasa na takwas a Mosko saura daƙiƙa 34 Paul Henderson ya ci. Huɗu Kanada, uku Sobiyet, ɗaya kunnen doki

Baba Injiniya: Wa ke kocin Sobiyet?

Bahaushen Toronto: Bobrov 🙌 na miƙa wuya

Autan Group: Ni fa abin da ban gane ba, in ya kai haka a tamaula me ya sa ba a jin sunansa kamar su Puskas

Baba Injiniya: Tambaya mai kyau Auta. Wasa uku kacal ya buga wa ƙasarsa a hukumance, ya ci biyar. Sobiyet ba ta shiga kofin duniya ba sai 1958, lokacin ya daina. Wasanni ukun nan duk a Olamfik ta 1952 ne a Finlan. Sun ci Bulgeriya 2-1, sai aka haɗa su da Yugoslabiya, alhali Stalin da Tito shugaban Yugoslabiya ba sa ga maciji, wasa ya tashi daga wasa ya koma siyasa. Saura kwata a tashi Yugoslabiya na da 5 su suna da 1. Suka farke duka, 5-5, uku na Bobrov ne. Lokacin babu bugun fenareti sai dai a sake wasa, aka sake, shi ya fara ci, amma aka cinye su 3-1. Da suka koma gida hukuma ta ɗauki abin cin mutuncin ƙasa, aka rushe kulob ɗin sojojin ɗungurungum ana tsakiyar kaka don shi ne ƙashin bayan tawagar, aka ƙwace wa koci Arkadyev lambar girmansa. Kulob ɗin da ya ɗau gasar sau biyar bayan yaƙi.

Gunner na Sabon Gari: Da za a kawo wannan dokar Firimiya da tuni wasu kulob ɗin sun zama wurin ajiye motoci

Ɗan Blues: Da ku za a fara

Admin: Ku biyun nan a kiyaye. Baba ci gaba muna ji

Baba Injiniya: Shi rushewar ba ta same shi kai tsaye ba don tun wajen 1950 ya koma VVS, kulob ɗin sojan sama, wanda ɗan Stalin, Vasily, ke riƙe da shi yana kwaso duk ɗan wasan da ya yi masa. A nan ne abin da ya fi ba ni tsoro a labarinsa ya faru. Janairun 1950 tawagar hokin VVS ta hau jirgin soja za ta wasa Chelyabinsk, ga iska ga dusar ƙanƙara, jirgin ya faɗi wajen sauka a Sverdlovsk, garin da yanzu ake kira Yekaterinburg. Mutum 19 ba wanda ya fita. Bobrov ba ya ciki, labarin da ya fi yawo shi ne makara ya yi agogonsa bai tashe shi ba, sai ya bi su a jirgin ƙasa. Ko a jarida ba a buga ba. Aka tattaro wasu 'yan wasan aka sa musu riga aka ci gaba da gasa kamar ba a yi komai ba, kuma shi aka ɗora wa jan sabuwar tawagar, suka ɗau gasar shekara uku a jere daga 1951.

Maman Hanifa: Innalillahi. Kwana ne kawai bai ƙare ba. Amma a ce abokan aikinka sun mutu gaba ɗaya ko zaman makoki ba a bari an yi a fili ba, ka ɗaura takalmi ka shiga fili, ni wannan ya fi min duk ƙwallayen da kuke lissafawa nauyi. Iyayensu da matansu fa

Ɗan Maraɗi: Wallahi Hajiya. Mulkin wanga lokaci ba shi da tausai

Malam Lissafi: Baba na sauko daga rabin maganata, rabi na nan. Ya yi fice a biyun ba musu. Amma ina nan kan cewa haɗawar ta ci shi. Ba hutu, rani ana sharar ƙafarsa hunturu ana maka shi da katakon gefen fili, tamaula ya bar ta a 1953 yana da shekara 30 da 'yan kai bayan ya ɗau gasa da Spartak, ya rasu yana 56. Da ɗaya ya riƙe wa ya san inda zai kai

Baba Injiniya: Wannan ba zan musa maka ba. Gwiwar tun 1946 aka fara lalata ta, shi ya sa ƙwallayensa na gasar ba su ƙara kai na shekarar farko ba. Mutanen can ma sun sha wannan gardamar, na tamaula na cewa hoki ya sace musu shi, na hoki na cewa dama nasu ne. Yanzu dai a KHL, babbar gasar hokin Rasha, akwai rukuni guda mai sunansa.

Ɗan Blues: Toh na janye "babu na biyunsa". Amma a bar min Cech ɗina da abu ɗaya, mutumin da ƙoƙon kansa ya fashe a 2006 a wasan Reading, ya yi shekara goma sha biyu da hular kariya, ya tashi yana da shekara 37 ya je ya tsaya gaban faifan da ke zuwa kamar harsashi. Tun yana yaro a Plzen hokin yake so kuɗin kayan ne suka gagari gidansu, lamba 39 ma da yake sawa don Dominik Hasek ne golan ƙasarsu. Kuma a 2023 ya buga wa Belfast Giants a babban rukuni ko da na 'yan mintuna ne, Gunner sai ka gyara maganar rukuni na huɗu

Gunner na Sabon Gari: 'Yan mintuna bayan an riga an ci wasa. Ni ma a sa ni haka zan iya

Autan Group: Kai da ko langa faɗuwa kake 😂

Maman Hanifa: Baba don Allah in akwai hoton ranar da ka hau takalmin nan a turo mana

Baba Injiniya: Akwai, yana cikin akwatin Hajiyarku, kuma a can zai tsufa. An kira sallah, sai anjima.